Lambar Takalmin da Na Ba Ki

Zuwa ga 'yata Lesia,

Ina gaishe ki gaisuwar uba, tare da addu'ar takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti da marasa lafiyar da ke hannunki. Allah ya tsare ki daga sanyin can arewa, ya ƙara miki ƙarfi da haƙuri. Mu nan muna yadda kika bar mu. Ni dai ƙirjin ne ke tashi in na hau matakala, gwiwoyin kuma ba su canja hali ba. Dusar ƙanƙara ta binne shingen baya tun makon jiya, maƙwabcinmu Wilf ne ke share mini hanya da injinsa. Ranar Lahadi aka yi addu'ar cikar mahaifiyarki shekara biyu da rasuwa a coci, mata suka yi firogi, ɗan curin fulawar nan mai dankali a ciki, suka cika mana kwano, ko da yake babu wadda hannunta ya kai na mahaifiyarki Stefania. 'Yarki Daryna tana lafiya, tana cin abinci, karatu ma ba laifi. To, da na rubuta tana lafiya sai na ajiye alƙalami na zagaya ɗakin girki sau biyu, domin maganar ba ta cika gaskiya ba, kuma dalilin zamana rubutun nan ke nan.

Ba zan iya faɗa miki ta waya ba. Kunnena ba ya kama muryarki sosai, kuma duk ranar da kika kira yarinyar tana tsaye a kaina tana zare mini ido. Yanzu tana makaranta. In na gama, Doreen matar Wilf za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki yau ɗin nan, don gidan waya sai ya ci mako biyu, mu kuwa kwana tara ne a gabanmu.

Kin tuna cikin Oktoba da kika tambaye ni lambar ƙafarta don ki aiko mata da sabon takalmin hoki, na gudu a kan ƙanƙara? Na ce miki shida. Ƙafarta bakwai ce, Lesia, kuma na sani, ni na auna da hannuna. Ba mantuwar tsufa ba ce. Haka mahaifina ya yi mini, haka aka yi wa duk wanda ya riƙe sandar hoki a garin nan a zamaninmu. Za a saya maka takalmin da ya yi wa ƙafarka kaɗan, ka sa shi ba safa, ka tsoma ƙafa a bahon ruwan zafi har fatar takalmin ta yi laushi, ka ja igiya iya ƙarfinka, ka yi ta yawo cikin gida har ya bushe a jikinka. Daga nan ya zama naka, kana jin ƙanƙara kamar da tafin ƙafarka kake taka ta. Ranar da akwatin ya iso ni na dafa ruwan. Ta ce mini, wai Gido, yadda take kiran kakanta, takardar da ke ciki ta ce a kai shi shago a gasa. Na ce mata shekara ashirin da biyu na yi ina tsare wa ƙungiyar hokin garin nan baya, ban taɓa jin an gasa takalmi kamar burodi ba. Ta yi dariya ta tsoma ƙafa. Ni na ja mata igiyar, da hannuwan nan da ba sa iya buɗe kwalbar magani, ban san inda na samo ƙarfin ba.

Makon farko ta ce yana ciwo, na ce kowa nasa ya yi masa ciwo. Mako na biyu ta sake faɗa, na ce ta ƙara ɗaurewa, sako-sako ne ke jawo gurjewa. Daga nan ba ta ƙara faɗa ba, ni kuma na ɗauka ya daidaita, har ina yi wa tsofaffi alfahari a wurin shan kofi. Sai Talatar da ta wuce da rana ga Wilf ya shigo ba ko ƙwanƙwasa ƙofa, takalman a hannunsa. Kin san har yanzu shi ke wasa kaifin ƙarafan da ke ƙasan takalma a filin wasa. Ya dangwarar da su a kan teburin cin abinci ya ce mini, wai Orest, kai tsohon banza, ka dafa takalmin jikarka kamar kabeji. Ya ce na zamani ba fata ba ce, wani busasshen abu ne mai taurin ƙwarya, ko shekara zai yi a ruwa ba zai bi ƙafa ba, sai an ɗumama shi a ɗan tanderun shago. Abin da ruwana ya yi kawai shi ne ya kwantar da laushin harshen takalmin, igiya ta koma tana cin jijiyar gaban idon ƙafa kai tsaye. Ya ce mako uku ke nan yana ganinta tana jira kowa ya fita daga ɗakin sa kaya kafin ta cire takalmi, don kada koci ya ga yadda take takawa. Na ce masa shi da bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba, me ya sani. Ya ce ya san lamba shida da bakwai dai.

Da Daryna ta dawo na sa ta cire safa. Gaban idon ƙafar dama ya kumbura ya yi ja, in ta ɗaga yatsu sai ta cije leɓe. Bayan diddige ya yi ƙulli, faratan manyan yatsun duka biyu sun yi baƙi. Washegari Wilf ya kai mu asibitin gari. Likitar ta ce jijiya ce ta kumbura, ba karaya, amma sai ta huta mako uku, ana ɗora mata ƙanƙara safe da yamma, kuma kada ta sake sa takalmin nan. Ta ce in aka ci gaba da murza wurin, ciwon na iya zama mata abokin zama. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni gane abin da take nufi. Ga shi kuma Asabar ta sama ne gwajin zaɓen 'yan matan da za su buga wa lardi, wanda ta shekara biyu tana jira. Akwai takardar da mai riƙon yarinya zai sa wa hannu cewa lafiyarta ƙalau. Tana nan ƙarƙashin gwangwanin sukari, na ɗauke ta na mayar ya fi sau goma tun safe.

Daryna ta ce in sa hannu kawai, wasa biyu ne, za ta daure. Ta ce kada in kuskura in gaya miki, don kin riga kin faɗa cewa ranar da na kasa riƙonta za ki mayar da ita birnin Saskatoon gidan gwaggonta Nadia. Wai in ta tafi, tsoho, wa zai riƙa nemo maka haƙoranka a cikin firiji? Na yi dariya, na kuma yi mata alkawari. Ba don ita na yi ba, gara in faɗa miki. Na tuna yadda gidan nan yake kafin ki kawo ta, ina kunna rediyo don in ji wani na magana, sai na ji bakina ya ce to.

Jiya da ta zauna tana ɗora ƙanƙara, na jawo kujera kusa da ita na cire tawa safar. Ba ta taɓa ganin ƙafata ba, ke ma rabonki da ita tun kina ƙarama. Yatsun sun hau juna, ƙashin gefe ya turo waje, ƙullin diddigen ya kai ƙwan kaza. Ta ce wai wannan ba ƙafa ba ce, citta ce aka tono. Na ce mata shekara goma sha biyar ke nan ban iya takawa zuwa coci ba, kuma ba tsufa ne kaɗai ya jawo ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, amma kai ai ka buga, ba wanda ya hana ka. Na mayar da safata.

Ba zan sa hannu ba, Lesia. Na tashi na duba taga, na dawo, kuma maganar tana nan yadda na rubuta ta. Wilf ya samo aron lamba bakwai wurin wata da ta daina wasa, ya ce zai gasa shi ya buɗa wurin diddigen, ya sa mata abu mai laushi ƙarƙashin igiya, ya jira ta warke. Ya ji an ce wani lokaci ana ba waɗanda suka ji rauni damar gwaji daga baya, cikin Janairu, amma ba shi da tabbas. Ki kira kocin ki tambaya, ke za ki iya yi masa bayanin jijiya, ni in na fara sai labarin zamanin da. Maganar Saskatoon kuma tana hannunki. In kin ga can ya fi mata, ba zan yi gardama ba, zan haɗa mata kaya da kaina. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki kira kafin ƙarfe biyar. Motar makaranta tana ajiye ta ƙarfe huɗu saura kwata, ina so ta ji daga bakina cewa na karya alkawari, ta yi mini faɗan da za ta yi tun kafin ta ji muryarki.

Ki gaida Nadia in kun yi waya, da mijinta Taras da tagwayensu. Ki gaida ƙanenki Myron, ki ce masa ubansa yana nan da rai in yana son tabbatarwa. Wilf da Doreen suna gaishe ki, haka matan coci. Allah ya dawo mana da ke lafiya. Ƙafarta bakwai ce. Ki rubuta ki ajiye, kuma nan gaba ita za ki riƙa tambaya.

Mahaifinki mai kewarki,
Orest