Jakar da Inna Ta Zuba wa Iri

Hamma Buba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Adda Hajara da yara. Yaya ruwan Fatakwal, yaya aikin mai? Mu nan Bagadaza lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi lokaci-lokaci.

Masu awon sabuwar hanya sun ce za su ɗauke ni mu shiga daji, shi ya sa na sayi jakar goyo wurin wani tsohon soja. Na zaɓi ta tamfol mai kauri, mai faɗin maɗauri don kada ta ci mini kafaɗa. Har duwatsu na zuba mata na taka zuwa Kwadon na dawo, bayana bai yi ciwo ba.

Inna ta jujjuya ta, ta ce ko ɓera ba zai huda wannan ba. Washegari na tarar ta juye irin geronmu a ciki ta rataye a ɗakinta. Ka san ba a taɓa iri sai ruwa ya sauka. Da na yi magana ta ce, "Ka bari a yi shuka, Umaru." In an yi shukar kuwa, wa zai yi noman in ba ni ba?

Motar masu awo ta tashi ranar Laraba. Daga ƙofar gida na ɗaga musu hannu.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa. In za ka aiko wa Inna tsaraba, don Allah ka aiko mata da buhu.

Ƙaninka,
Umaru