Inda Titin Zai Lanƙwasa

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka haɗa taswirarmu da ta lardin maƙwabta a kan teburin Oga, sai ga abin dariya. Sabon titin da suka zano da wanda muka zana ba su haɗu a kan iyaka ba, kowanne ya kama gabansa. Dole namu ya lanƙwasa, ko ta tsohuwar bola ko ta layin gidaje. Oga ya turo min takardun ya ce, “Ke kika iya zane, ki daidaita.” Na duba layin gidajen. Gidanmu ne na farko a kwanar.

Talata, 4 ga Maris
Na ce gidanmu, bakina ne ya saba. Filin gwamnati ne, izinin zama kawai Abba yake da shi. Ko zaman makokinsa ba a tashi ba Baffa, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, ya ruga ofis ya mayar da izinin sunansa. Ya watso mana kaya waje, ni da Umma. Ina tuna shi tsaye a ƙofa yana sakace haƙori. To Baffa, gwamnatin da ka fake da ita yau fensirinta yana hannuna.

Alhamis, 13 ga Maris
Ta bola ya fi sauƙi, ko makaho ya sani. Na rubuta cewa ƙasar wurin ba za ta ɗauki manyan motoci ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kaɗan.

Juma'a, 14 ga Maris
Oga ya sa hannu ko karantawa bai yi ba. Na ci abinci har da ƙari.

Juma'a, 21 ga Maris
Na bi safiyo, mai auna filaye, da bokitin jan fentinsa, ban fito daga mota ba. Ya shafa alamar rusau a bango, babba. Baffa ya fito da takalmi ƙafa ɗaya yana ta “Ranka ya daɗe, a duba dai.” Ya tsufa, wuyansa duk ya zube. Daɗi na ji, kuma ba zan ce ban ji ba.

Lahadi, 23 ga Maris
Baffa ya zo har ɗakin hayarmu, karo na farko. Ya zauna a bakin tabarma. “'Yata, ke ce tamu a ofishin nan, ki sa baki.” Na ce aikin manya ne, ni wace ce. Har ruwa na ba shi, mai sanyi.

Bayan ya tafi na faɗa wa Umma komai, ina jira ta yi murna. Ta ci gaba da ninke wanki. Can ta ce, “Ɗakin da ke kwanar ma zai tafi?” Na ce shi katafila za ta fara ci. Ta ce, “Da hannunsa Abbanki ya ɗora bulon nan, ni nake miƙa masa. A ciki na haife ki.” Ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

Talata, 25 ga Maris
Baffa ne ya ja wa kansa. Shi ya fara.

Litinin, 31 ga Maris
Na wuni ina sake auna gefen bola, don in gani ne kawai. Titi zai zauna a wurin daram. Da za a tashi na tambayi Oga ko an riga an aika wa ɗaya lardin taswirar. Ya ce tun ranar Alhamis, har sun buga hatimi, lafiya? Na ce lafiya lau, tambaya ce kawai.