Zoben Ƙarfe a Gindin Turmi

Zongo, Lome

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiyar yara? Yaya ƙafar maigidan naki, da sauƙi dai ko? Mu nan alhamdulillahi, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Ƙanen nan namu Bashir bai daɗe da fara koyon kanikanci ba, amma gani yake ya gama. Yau da safe ya ce birkin moton Baba, wato babur ɗin nan nasa, yana ƙara, zai cire tayar gaba ya duba. Da ya rasa abin tokarewa, sai ya kife turmina ya ɗora injin a kai. Iya maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Kai Bashiru, ba a yi wa turmi haka." Ya yi dariya ya ce, "Ça va, Iya, ba komai."

Ya kwance, ya mayar, yana ta fito. Bayan azahar ya goya Baba, suka kama hanyar garin Aneho zuwa ta'aziyya.

Ina cikin shara sai ga wani zoben ƙarfe mai maiƙo a gindin turmin. Na kai wa ogan Bashir a gareji, na faɗa masa yadda aka yi. Ya jujjuya shi, ya ce wannan ne ke hana tayar rawa. Sai ya ɗago ya dube ni: "Sun tafi?"

Wayar Bashir tana shiga, ba ya ɗauka. Ta Baba kuwa ga ta nan a caji.

Don Allah ki tara yara ku taya mu addu'a. Ki gaida Gwaggo, amma kada ki faɗa mata tukuna. Ga shi ana kiran magariba, zoben yana hannuna.

Ƙanwarki,
Rabi