Bigilarka Ce Za Ta Fara Saukowa

Romi, Kaduna.
Watan Yuni, 2003.

Zuwa ga Yayana Sylvanus,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da sojojin da kuke tare a can Saliyo. Kullum muna addu'a Allah ya tsare ku, ya dawo mana da ku da ƙafafunku. Mu nan kowa lafiya. Damina ta zauna, masarar bayan gida ta kai ƙugu. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, ta koma zuwa zumuntar mata, ta kuma koma faɗa da kajin maƙwabta, ka ga kuwa lafiya ta samu. Ni ma ɗinki yana tafiya, in ban da wutar lantarki da ke mana wasan ɓuya.

To Yaya, saƙonka ya iso, kuma bai zo mana da daɗi ba. Ka ce ka je shagon intanet don ka ga shafin ƙungiyar kiɗan da 'yarka Lizzy ta shiga, ka zauna har lokacinka ya ƙare ba ka ga komai ba sai allon tallar giya da rufin mashaya, don haka ta fita daga cikinsu nan take. Haba Yaya! An mayar da ku bariki, har mun sake kaɗa ƙuri'a, amma kai kana can wata uwa duniya kana kafa mana dokar soja. Yarinyar ba ta yi musu ba. Ta goge tsohuwar bigilarka da take busawa, ta sa a akwati, ta tura ƙarƙashin gado. Gidan ya yi tsit, ni kuwa raina ya ɓaci da kai, ba zan ɓoye maka ba.

Amma gani ya kori ji, sai na ce bari in je da kaina. Na sa Albert gaba, shugaban ƙungiyar, wanda ke aiki a wata masana'anta a Kudenda, shi ne kuma ya haɗa shafin. Muka je shagon intanet na Malam Lawal a bakin titi. Yaya, da na gani sai na yafe maka rabin laifinka. Shafin baƙi ƙirin, rubutu ja yana ƙyaftawa har idona ya yi ruwa, ga taurari suna juyawa a gefe. Albert ya lafta masa ado kamar rigar da aka yi wa aiki har ba a samun wuyanta. Sannan ga wani ƙaton hoto yana saukowa daga sama, kaɗan-kaɗan, kamar ana roƙonsa. Gajimare ya fito, reshen mangwaro ya fito, allon giyar nan ya fito ɓaro-ɓaro, sai ya tsaya cak. Mutanen duk suna can ƙasa, ba a kai gare su ba.

Na yi dariya har na riƙe ciki, Albert kuwa ya yi zuru-zuru. Ashe a harabar coci suka ɗauki hoton, inda suke koyon waƙa, mashayar kuma tana bayan katanga. Mun saba da ita har idonmu ya daina ganinta. Shi kuma bai taɓa duba shafin a wani wuri ba sai a kwamfutar da ya haɗa shi, inda hoton ke fitowa gaba ɗaya. Ya ce shi burge mutane ya so yi. Malam Lawal ya ce masa wanda ya gaji da jira ya tashi ai ba a burge shi ba.

Yaron kirki ne, bai yi girman kai ba. Ya kwashe taurarin nan duka, ya mayar da shafin fari, rubutu baƙi manya-manya. Sunan ƙungiya a sama, a ƙarƙashinsa inda za su yi wasa da lambar waya, waƙoƙin kuma sai wanda ya so ya danna. Sabon hoton da za a ɗauka ne ya jawo rigima, don da suka gane daga sama yake saukowa, kowa ya ce shi ne a layin baya don a fara ganinsa, har da mai ganga da ba ya rabuwa da kujerarsa. Ni na raba gardamar. Na ce tunda saboda uban Lizzy ake wannan aiki, ita ce a sama. Na turo turminmu har coci, muka kife shi, ta hau, suka juya wa mashaya baya suka fuskanci... a'a, ka ga rikicewa, ita mashayar ce yanzu a bayan mai hoto.

Ranar gwaji muka tafi da Mama, don Albert ya ce in ita ta gane shafin, kowa zai gane. Malam Lawal ya ba mu kwamfutar da ta fi kowacce jinkiri. Tun kafin Mama ta gama gyara zama, wani abu mai ƙyalli ya leƙo daga sama. Ko fuska ba ta fito ba Mama ta dafa ƙirji, ta ce wannan ai bigilar Sylvanus ce, ga inda ta lotsa. Ta shiga ba mutanen shagon labarin yadda Lizzy tana rarrafe ta zauna a kanta, da yadda ka hana a kai wa maƙeri ya gyara. Tana hawaye tana dariya, sai ga fuskar jikarta ta sauko, shagon duka ya ɗauki tafi. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba.

Har an gayyace su wasa a wani biki a Gonin Gora cikin watan Agusta, kuma mutumin ya ce a shafin ya ga lambarsu. Adireshin bai canza ba. Ka koma shagon nan, wannan karon ba za ka jira ba.

Mama tana sa maka albarka. Maigidana Daniel da yaranmu, Vivian da Sam, suna gaishe ka. Ka gaida mana Dauda ɗan garinmu in har yanzu kuna tare. Lizzy ma tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ka dubi hoton da kyau. Kai mabushi ne, za ka gane. Bigilar tana bakinta, ta ɗaga ta sama, amma ba busawa take ba. Mun yi lallashi har mun gaji, ta ce sai Babanta ya ce ta busa.

Taka ƙanwa,
Ladi.