Hannun Biki

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Ranar farko a makarantar koyon girki ta Makarfi. Na dawo Kudan ƙafa a kumbure. Shekara goma sha tara ina dafa abincin biki, yau an ƙaƙaba mini farar hula, an miƙo ɗan sikeli wai in auna gishiri. Ni Kulu! To ya zan yi? Masaukin baƙin da na nemi aiki a Zariya sun ce sai da takardar shaida za su ɗauke ni, bukukuwa kuma masu kai abinci a robobi sun ƙwace.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Malama Zulaihatu ko sa'ar ƙanwata ba ta kai ba. Ta leƙa tukunyata ta ce, "Inna Kulu, faranti ɗaya na ce fa, ba unguwa ɗaya ba." Aji ya kwashe da dariya. Na haɗiye.

Talata, 22 ga Oktoba
Gwajin farko, miyar taushe ta mutum biyu. Na faɗi. Kafin in farga hannuna ya watsa gishirin tukunyar biki. Malama ta ɗanɗana, ta nemi ruwa, ta wuce gaba. Wallahi da faɗa ta yi da ya fi mini. Saura gwaji ɗaya, in na sake faɗuwa ba takarda.

Laraba, 23 ga Oktoba
Ban je ba. Na gaji.

Asabar, 2 ga Nuwamba
Ƙanwata Rahama ta zo daga Ikara, ta buɗe tukunya ta riƙe baki. "Yaya, wa zai ci duk wannan?" Shekara biyu da rasuwar maigidana Malam Ya'u, yara kowa ya kama gabansa, amma har yau mudu guda nake ɗorawa, in zuba a kwanonsa, da safe in rarraba wa maƙwabta. Na ce mata ta fita harkata. Da ta tafi na yi kuka. Haushi ne kawai.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Gwaji na ƙarshe. Rabin ƙaramin cokali na auna, na ture gishirin can nesa. Hannun nan sai ƙaiƙayi yake yana neman ƙari, na danne shi a aljihu. Malama ta yi loma ɗaya, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Bayana kamar zai tsinke.

Litinin, 18 ga Nuwamba
Na ci gwajin. Alhamdulillahi. Murnar ma ban da ƙarfinta.
Da na dawo, gwangwani ɗaya na shinkafa na dafa a 'yar tukunyar da ban taɓa ɗorawa ba. Ta ishe ni daidai, ba saura. Ba wani abu ba ne, icce nake tattali.
Kwanon Malam na wanke, na kife shi a kan kantar ɗaki.