Na Kulle Littattafan Ɗiyata a Akwati

Anti Sadatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin hutun ƙarshen zango, don in hutun ya zo ban samu mafita ba, ɗiyata za ta sake barin hannuna.

Ni Bayarabiya ce, shekarata goma sha ɗaya ina sayar da atamfa a Birnin Kebbi. Hausata a kasuwa na tsince ta, ba malami ba allo, har matan Gulma da Zauro suna tsokanata wai na fi su iya ciniki da ita. Ɗiyata Tolu kuwa a Ogbomosho ta tashi wurin mahaifiyata tun da na yaye ta. Bara tsohuwa ta rasu, na ɗauko yarinyar tana da shekara takwas, ko sannu ba ta sani ba.

Wata bakwai ke nan da sa ta makaranta. Malamarsu, Malama Nazifa, ta ce tana haɗa baƙi, tana karanta gajerun jimloli, rubutunta kuma tsaf, amma sai a tashi daga aji ba ta ce uffan ba. Da na ga abin yana tafiyar hawainiya, sai na yi abin da na sani. Ni dole ce ta koya mini, na ce ita ma dolen ta koya mata. Na hana Yarbanci a gida. Littattafanta na Yarbanci, har da na tatsuniyoyin da take karanta wa kakarta bayan idon tsohuwa ya raunana, na kwashe na kulle a akwati.

Tun daga ranar, ba Yarbancin ba Hausar. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ci abinci, ta shige ɗaki. Babanta ya ce tunda garin bai karɓe ta ba, a kai ta Ibadan wurin ƙanwarsa.

Ranar Laraba na dawo daga kai kaya Argungu, na tarar da 'yar takarda a kan akwatin, da Hausa: "Mama don Allah ki ba ni littafin Kaka. Ba zan karanta da ƙarfi ba." Na zauna na yi kuka na ƙoshi. Amma har yau ban buɗe ba, ina tsoron in na sassauta ɗan abin da ta koya ya zube. Shekara shida na yi ba ta wurina, ba na son in ƙara ko ɗaya.

Iya Mai Atamfa, Birnin Kebbi.

Iya Mai Atamfa, share hawayenki ki nemo makulli.

Ba mugunta kika yi ba, maganin da ya yi miki aiki kika ba ta. Sai dai kin manta abu guda. Ke da girmanki kika koya, kuma da kin tashi kasuwa gida kike komawa ki yi Yarbancinki da maigida son ranki. Wa ya kulle miki baki? Ita kuwa ta rasa kakarta, ta rasa garinsu, sannan aka karɓe ɗan abin da ya rage mata.

Sake duba takardar nan. Jimla biyu, ba aikin gida ba ne, ba malama a kanta. Yarinyar da aka ce garin bai karɓe ta ba ce ta rubuta. Wanda ya iya karatu da wani harshe ba daga farko yake farawa ba, kuma yara da yawa sukan daɗe suna tara kalmomi a ciki kafin baki ya buɗe.

Ki mayar mata da littattafanta. Ki ce ta karanta miki tatsuniya ɗaya, da ƙarfi, ku kuma gwada mayar da ita Hausa tare. Ranar Asabar ki tafi da ita shago ta ji ciniki. Ki roƙi Malama Nazifa ta haɗa ta da ƙawa ɗaya su riƙa karatu su biyu, kada a tsayar da ita gaban aji tukuna.

Maigida ma yana da gaskiyarsa, ba uban da zai so ganin ɗiyarsa a takure. Nuna masa takardar, ki nemi ya ba ki zuwa ƙarshen shekara. A Ibadan bakinta zai buɗe, amma uwa za ta sake yi mata nisa.

Da Hausa ta roƙe ki, harshen da kika matsa ta koya. In roƙonta na farko da shi bai samu amsa ba, me za ta ɗauka amfaninsa? Ki rubuta mata amsa yau, da Hausa, ki ɗora a kan littafin.

Allah ya raya miki ita, ya jiƙan tsohuwa.

Anti Sadatu.