Bayan Tarin Tawul

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Umma? Ya yara? Mu lafiya lau, maigidan ma yana gaishe ku.

Albishirinki! Kin san guga nake yi a otal, ga zanin gado ba iyaka, ga shugabarmu mai faɗan tsiya. Kada ki gaya wa Umma, amma kwanaki don tsoron faɗanta har na ƙona zanuwa biyu, aka ce in na ƙara za a sallame ni. Sai na koma ɓuya bayan tarin tawul lokacin hutu, ina karanta littafina har ƙirjina ya lafa.

Makon jiya shugabar ta kama ni ina hawaye. Na ce a raina shi ke nan, aiki ya tafi. Ta ce, "Amarya, wa ya rasu?" Na ce babu, jarumin littafin ne ya tafi ko sallama babu. Wallahi Yaya, sai ta jawo kujera: "Kan me? Faro min daga farko!"

Yanzu ina guga ina ba ta labarin ita da sauran ma'aikata, ko ƙyalle ban sake ƙonawa ba. Don Allah ki aiko min littafi na uku da gaggawa. Na biyu ya kusa ƙarewa, matar nan kuwa ba ta da haƙuri.

Allah ya bar mu tare.

Taki ƙanwa.